Hannun Hagun Ƙanwata

Ni na fara gani, kuma ni na faɗa. Tun ina yarinya bakina ba shi da linzami, har yau ma bai samu ba.

A zangon Yendi muke, ba a daɗe da sauke tutar Bature ba. Babanmu malami ne, yana koyar da yaran unguwa a zaure, mu 'ya'yansa mata muna zama can baya, kusa da ƙofar cikin gida. Ina da shekara goma sha biyu, ƙanwata bakwai. Wannan yarinya, kai! Kamar an zuba mata barkono a zane. A aike ta ɗebo ruwa, sai ta dawo da ɗan tsako a hannu, ƙwaryar tana can bakin rijiya. Ba ta iya zura zare a allura ba, ba ta wuce dokin ƙofa ba tare da tuntuɓe ba. Amma sura, in ta ji sau biyu tana tsalle-tsallenta a tsakar gida, ta riƙe ke nan. Ni sai in kwana uku ina nanatawa. Haushinta nake ji, ba zan ɓoye ba.

Ran nan muna rubutu na lura, in ta kama alƙalami da dama, yatsun hagunta ma sai su yi ta motsi a kan cinyarta kamar su ma rubutun suke, ga harshe a waje. Na kwashe da dariya na ce, "Baba, dubi, da hannu biyu take rubutu!" Baba bai yi dariya ba. Kafin la'asar magana ta kai kunnen kakarmu, ita kuwa nan take ta yanke hukunci: hagu hannun Shaiɗan ne, akwai mai yin rubutu tare da yarinyar nan.

Aka shiga magani. Rubutun sha safe da yamma, hayaƙi, laya a wuya, laya a ƙugu. Da abin ya ƙi, aka riƙa ɗaure mata hagun a baya da tsumma lokacin karatu, sai motsin ya koma ƙafa. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Dagomba mai sayar da koko, ta leƙo ta gani, ta ce da irin Hausarta, "Malam, yaro nan ba shi da komai, jikinshi ne yana gudu." Ba wanda ya saurare ta. Sai da na yi furfura jikata mai aikin asibiti ta gaya mini akwai yaran da haka ƙwaƙwalwarsu take, birkin da ke tsayar da jiki da hankali ne ba ya kamawa da wuri, har motsin hannu ɗaya yakan tsallaka zuwa ɗayan. Ashe mai koko ta fi mu duka gani.

Ana cikin haka gwaggonmu ta zo daga Salaga. Yayar Baba ce, 'yar kasuwar goro, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta kwana biyu tana kallon yarinyar, sannan ta ce, "Malam, ba ni ita in riƙe. A hannuna za ta nutsu." A wurinmu in ka ba 'yar'uwarka riƙon ɗa ka bayar ke nan, karɓewa yanke zumunci ne. Mma, uwarmu, ba ta da bakin magana a kan 'yarta a gaban dangin miji, sai dai ta shige ɗaki. Baba ya yi ta jan carbi, can ya ce ranar Laraba yarinyar ta rubuta allo ɗaya a zaune, daga bisimilla har ƙarshe. In ta yi, tana nan gida.

Ranar na zauna ta hagunta, na zura hannu ƙarƙashin zanenta na damƙe yatsun nan. A nan na san abin da na jawo mata. Yatsun suna ta zillo a tafina, ita kuma tana ƙoƙarin tsayar da su har gumi yana ɗiga kan allo. Wallahi ba iskanci take yi ba, dambe take da jikinta. Saura layi uku, sai ga makaɗan Dagomba da kalangunsu sun biyo ta ƙofar zaure za su kasuwa. Waiwayawa kawai ta yi, gwiwarta ta doki kurtun tawada, allon ya yi baƙi ƙirin.

"Baba, ban tashi ba!" in ji ta. "Ka ga ban tashi ba!"

Gwaggo ta ce, "To, ka gani dai." Kashegari suka hau lori.

Shekara biyu ba mu sa ƙanwata a ido ba, sai da Babbar Sallah suka zo. Ta durƙusa ta gaida kowa, ta koma jikin bango ta danne hannuwanta ƙarƙashin cinya, kai a ƙasa. Gwaggo na yin gyaran murya sai ta zabura. Matan gida suka yi ta hamdala, wai ta warke. Warkewar me? Na ce ta ɗan karanta mini sura, ta ce ta manta. Da muka keɓe bayan madafa ta raɗa mini, "Yaya, tun daga Salaga ban motsa ba, ko a cikin lori. Ki gaya wa Baba, ko zai bar ni a gida."

Na same shi a zaure na faɗa masa, har da abin da bai kamata 'ya ta faɗa wa uba ba. Bai tsawata mini ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Na sani, 'yar nan. Amma da wane baki zan ce wa yayata ta dawo mini da ita?"

Kwana uku bayan Sallah muka raka su tasha. Aka zaunar da ƙanwata kan buhun doya a bayan lori. Ta miƙe bayanta, ta zuba wa Baba ido don ya ga ba ta motsi. Ko hannu ba ta ɗaga mana ba har lorin ya sha kwana.