Faifan da Malam Haladu Ya Kulle

Wata rana wani dattijo, Malam Haladu, ya shiga wani ɗan shago a Kaduna da faifai guda a cikin leda.

Faifan kwamfuta ne irin na da, mai kusurwa huɗu, wanda ake ce wa fulofi.

Aikin ƙuruciyarsa ne a ciki: wasan da ya tsara don koya wa yara karatun Hausa, tun zamanin da kwamfuta sai gidan wane da wane.

Da ya gama shi a wancan lokaci, sai ya sa masa kulle na dabara, yadda duk wanda ya kwafa ba zai yi masa aiki ba.

Shekaru suka ja. Kwamfutocin suka mutu, faya-fayan suka ɓace. Ɗaya tak ya rage masa, ga shi jikokinsa sun isa koyon karatu, yana so su gani.

Mai shagon, Rakiya, sana'arta ke nan: ta ceto abin da ke cikin tsofaffin faya-fayai, ta sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa har su buɗe.

Ta gwada, ta sake gwadawa. Ashe danshi ya ci daidai inda kullen yake.

Wasan ya ƙi tashi.

Ta ce ya ba ta lokaci ta cigita wurin abokan sana'arta. Ya tafi gida.

Da ta kira shi ya dawo, tun daga bakin ƙofa ya ji kiɗan wasansa. Ga haruffa suna tsalle a allo. Amma a ƙasa akwai layin da ba shi ya rubuta ba: "Isiyaku ya buɗe shi don yaran garin Giwa."

Ya san sunan. Amininsa ne, malamin firamare, wanda ya karya kullen ya raba wa ɗalibai. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Ya ce, "’Yata, mutumin nan ɓarawo na kira shi a bainar jama'a."

Ta ce, "To Baba, naka faifan ya mutu da kullensa. Wannan kwafin da na samo wurin abokan sana'ata, shi kaɗai ya rage a duniya."



Ranar Juma'a ya kwashi jikokinsa da wasan a kwamfuta, sai Giwa. Ya tarar da Isiyaku a zaure, idanunsa sun tafi. Aka kunna wasan. Isiyaku ya karkata kai, ya saurara, sai ya fashe da dariya.

"Haladu, kai ne? Ka huce ke nan?"

Darasi: Ka kare haƙƙinka, ba laifi. Amma ilimin da ka kulle gam, tare da kai zai tsufa. Wanda ya shiga hannun mutane shi ke da tsawon rai.

Tura wa wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba, tun yana iya amsawa.