Tarkon Bokitin Kilishi

A gidanmu na Garwa, in abu ya ɓace ba a bincike, ni ake kira. Ko kogin Binuwai ne ya ƙafe, Baba zai ce, "Ina yarinyar nan?" Don haka da kilishin da yake ajiyewa a bokitin roba ya fara raguwa, hukunci bai ɗauki minti ɗaya ba: hutun bana ba zan je garin Tcholliré wurin Goggo ba. Na yi rantsuwa har maƙogwarona ya bushe. Gaskiya na taɓa ɗauka, amma bara ne.

Murfin bokitin farantin ƙarfe ne, shi ya ba ni dabara. A lise, makarantarmu ta sakandare, muna koyon lantarki, malaminmu ya taɓa nuna mana bobin: siririn layin tagulla a kan allo, a nannaɗe kamar maganin sauro. In ƙarfe na kusa da shi yana ji, in an ɗauke ma yana ji. Na roƙi malam ya ara mini ɗan akwati mai batiri da ke ƙara in bobin ya ji an ɗauke ƙarfe, ya haɗa mini da allo uku masu tagulla a fuska ɗaya.

"Ki zana da abin da ruwa ba ya wankewa," in ji shi, "sai ki tsoma a ruwan magani ya cinye sauran tagullar. Kada layi ya taɓa ɗan'uwansa."

Na farko na zana da jan farce, layukan suka rungume juna kamar 'yan biki. Na biyu na ware su nesa-nesa, zagaye huɗu kacal. Wannan ko tirela ka ɗora masa ba zai ji ba. Saura allo ɗaya, ni kuwa na ce sai na ga Tcholliré.

Na lallaɓa wurin Adda, yayata mai yi wa amare lalle.

"Adda, hannunki fa babu irinsa daga nan har garin Rey Bouba."

"Me kike so, ɓarauniyar kilishi?"

Ta ɗura jan farcen a ledar lalle, ta murɗe bakin, ta ja zagaye goma sha biyar kamar ba ta numfashi. Sai ta tsaya.

"To, Injiniya, wannan bakin layin na tsakiya ta ina zai fita?"

Ya maƙale a ciki. In na ja shi waje zai tsallaka kan sauran ya haɗe su duka. Kwana biyu ina harararsa, har na ga Adda na ɗinka maɓalli, allura na shiga ta gaba tana fita ta baya. Na tsoma allon a ruwan magani a lise, na huda tsakiyarsa, na zura waya ta bayansa inda babu tagulla. Na haɗa shi da akwatin, na manna shi a bakin bokiti daga ciki, na mayar da faranti.

Ranar Juma'a bayan la'asar abin ya tsala ihu, har kaji suka bar gari. Muka ruga. Ga Kaka, mahaifiyar Baba, faranti a hannun hagu, kilishi a dama.

"Wane ɗan banza ne ya sa wa bokiti baki?"

"Inna," in ji Baba a hankali, "ba kin ce ba ki da haƙori ba?"

"A shayi nake jiƙawa. Ina ruwanka?"

Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Je ki haɗa kayanki."

Ranar tafiya Tcholliré na cire batirin, na ba Kaka ajiya.