Matar Birki

A ɗakin wanki na asibitin, can ƙarshen doguwar baranda bayan ɗakin girki, kowa Inna Mai Guga yake ce mata, har likitocin da suka girme ta. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, bayan hannuwanta duk ƙananan tabon ƙuna ne. Tun tana goyon ’yarta ta fari ta kama aikin, yanzu ga shi har autarta ta girma tana aiki a kantin magani. Zannuwan gado, rigunan ’yan tiyata, labule, tawul, duk sai sun bi ta kan teburinta kafin a mayar da su sama. Ɗakin kullum cike yake da tururi da ƙugin injin wanki, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ita kuwa ba mai yawan magana ba ce. Takan ce mijinta ya yi surutun da zai ishe su su biyu.

Mijin nata direba ne. Ya daɗe yana jan bas ɗin ma’aikatan wani kamfanin yin kwali, kuma su ma’aikatan ne suka raɗa masa suna Birki, saboda ba ya gudu ko da za a mutu. Mai keke sai ya wuce shi, fasinjoji su yi ta ihu, shi kuma ya ce, “Ku bar shi, shi ba shi da fasinja.” In wani ya matsa masa da ƙorafi, sai ya tsaya a gefen hanya ya buɗe ƙofa, ya ce, “Mai sauri ya sauka ya riga mu, in ya isa ya gaishe su.” Har ramin kan titi yakan gaisar: “Ina kwana, ashe har yanzu kina nan?” Bas ɗin kuwa Hajiya yake ce mata, yana lallashinta a kan hawa kamar mai lallashin matar da ta yi fushi.

Ciwon suga ne ya kwantar da shi. Aka fara da yanke masa yatsa, aka koma ƙafa, daga baya ƙoda ta ƙi aiki. A wannan asibitin ya yi jinyarsa, a bene na biyu. Inna takan goge zanin gado a ƙasa da safe, da yamma ta hau ta tarar da shi kwance a kan irinsa, ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa daga yatsa. Ya rasu ana tsakiyar damina. Ta koma bakin aikinta, rayuwa ta ci gaba yadda ta saba ci, har aka yi shekaru.

Sai ga wani littafi mai jan bango ya fito.

Doguwa ce ta fara shigo da shi ɗakin wanki, wata matashiya mai kula da injin busarwa, wadda ba a daɗe da ɗauka ba. Lokacin hutun rana sai ta ɗare kan kwandon kaya tana karantawa tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai. Kafin a ankara littafin ya cika asibitin. Nas-nas suna karɓar aro a hannun juna, masu jinya suna karanta shi a kan benci, wani da aka yi wa tiyata sai da aka ƙwace nasa saboda dariya tana neman farke masa ɗinki. Labarin wasu ma’aikatan kamfani ne da soyayyar da ta shiga tsakanin biyu daga cikinsu. Wasu su ce ya yi tsawo, wasu su ce marubucin ya zalunci yarinyar a ƙarshe, mai gadin ƙofa ya ce shi bai ga abin yabo ba a labarin da babu faɗa ko ɗaya. Amma abu ɗaya kowa ya yarda da shi: direban nan na cikin littafin shi ne gishirinsa.

“Inna, don Allah saurari wannan,” in ji Doguwa wata rana, tana share hawayen dariya. “Wai direban ne ya tsaya a gefen hanya ya buɗe ƙofa, ya ce mai sauri ya sauka ya riga mu, in ya isa ya gaishe su!”

Sauran matan suka kwashe da dariya. Inna ta tsaya da dutsen guga a kan rigar tiyata har sai da ƙauri ya tashi.

“Wa ya faɗi haka?”

“Wani sakaran direba ne a ciki. Birki sunansa. Wallahi Inna matsoraci ne na ƙarshe, ko akuya ya hango sai ya taka birki.”

Tsofaffin ma’aikatan da suka san mijinta duk sun bar aiki, saura shugabar ɗakin kaɗai. Ita ce ta ɗago kai daga lissafin tawul ta daka wa Doguwa tsawa ta ce hutu ya ƙare. Inna ta ɗaga dutsen, ta ninke rigar da ta ƙone, ta ce a ba ta littafin ta ga bayansa. Ga hoton marubucin nan. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau, amma ba za ta kasa gane shi ba. Ɗan Haya ne, saurayin da ya taɓa zama a ɗakin ƙofar gidansu lokacin yana karatu. Tare suke cin abinci da yaranta. In ya makara, Birki yakan ɗauke shi a bas ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya sauke shi a ƙofar makaranta. Da ya yi zazzaɓi mai tsanani, ita ta riƙa jiƙa tawul tana shafa masa a goshi.

Ta ari littafin ta tafi da shi gida. Karatunta ba mai sauri ba ne, da yatsa take bi, tana motsa leɓe. Kowace yamma in ta dawo sai ta zauna a tsakar gida kusa da igiyar shanya, ta sa gilashinta, ta karanta har haske ya gaza. Ba ta damu da masoyan ba, tsallake su take yi. Inda duk ta ga sunansa, nan take tsayawa.

Abin da ya fi ba ta wahala shi ne, yaron bai yi ƙarya ba. Muryar mijinta ce sak. Yadda yake gyaran murya kafin ya saki magana, yadda yake goge sitiyari da hular kansa, har ’yar waƙar da yake yi ta hanci in an tsaya a danja, duk ga su nan. Sau da yawa sai ta ji dariya ta kuɓuce mata, ta waiga kamar za ta gan shi a bakin ƙofa yana cire takalmi. Tun da aka binne shi ba ta ji shi kusa haka ba.

Sai dai Birkin littafi ba shi da gida. Ba shi da mata, ba shi da ’ya’ya, da safe yake ɓullowa a kan sitiyari, da yamma ya ɓace. Kuma marubucin ya ce tsoro ne ya hana shi gudu. Ita kuwa ta san dalili. Ƙanensa, wanda suka tashi ɗaki ɗaya, a hatsarin mota ya mutu, kuma shi aka kira ya je ya tattaro gawar a gefen titi. Tun daga ranar ya rantse ba zai taɓa mayar wa wata uwa da ɗanta a naɗe ba. Kullum in ya sauke fasinja na ƙarshe sai ya zauna shiru a cikin bas, hannunsa a kan sitiyari, kafin ya iya saukowa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai ita.

Kusa da ƙarshen littafin ta iso wajen. Layi ɗaya ne, a tsakiyar wani babi da masoyan suke rigima. An ce da damina ta sauka sai aka ji Birki ya mutu, aka kawo sabon direba, a karon farko kowa ya isa wurin aiki a kan lokaci. Ta sake karantawa. Ta juya shafin ko akwai ƙari a baya, ta tarar masoyan sun ci gaba da rigimarsu. Ta cire gilashin ta riƙe a hannu. Duk watannin nan da ta yi tana ɗaga shi tana juya shi, da ranar da ya farka daga tiyata ya laluba bargo ya ji babu ƙafa, ya dube ta ya ce, “To, yanzu da me zan taka birkin?” sannan ya juya fuska bango don kada ta ga hawayensa, duk layi ɗaya ya cinye su, har da ’yar barkwanci a ƙarshe.

Auta ta dawo daga kanti ta same ta a haka. Da ta ji abin da ya faru sai ta hau sama. Ta ce ita dama ta ji ana ta zancen littafin a kanti, har wani mai sayen magani ya ce mata yara sun fara yi wa duk motar da ke tafiyar hawainiya ihun “Birki! Birki!” amma ba ta taɓa kawowa Babanta ake nufi ba.

“Ya ci abincinmu, ya mai da ubanmu abin dariyar gari! Wallahi sai na nemo shi. Ni ko taɓa littafin nan ba zan yi ba.”

Ta kuwa nemo lambarsa ta wanke shi tas. Ranar hutun Inna, da hantsi, sai ga sallama a ƙofar gida. Ɗan Haya ne. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba, gilashinsa yana zamewa saboda gumi. Auta ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta dafa masa shayi, ta tuna ba ya son sukari da yawa.

“Inna, wallahi don ƙauna na yi,” in ji shi. “Ban taɓa sanin mutum irin Baba ba. Ko’ina na je, shi mutane suke tambayata. Wani mutum ya tare ni a kantin littattafai yana kuka, ya ce Birki ya tuna masa da mahaifinsa.”

“Na karanta,” ta ce. “Ka riƙe maganarsa da kyau. Ban san kana saurare haka ba.”

Ya sunkuyar da kai.

“Amma ɗan nan, da yana kwance a asibiti ya tambaye ka. Ya ce ina ɗalibinsa na kujerar gaba.”

“Ina nesa lokacin, Inna. Sai daga baya na ji.”

“Haka ne. Ka san abin da ya sa ba ya gudu?”

Ya ɗago, idonsa ya ɗan yi haske. Ta san wannan kallon. Shi ne kallon da yake yi wa mijinta a kan tabarmar nan in ya fara ba da labari.

“A’a, Inna. Mene ne?”

Maganar ta zo mata har baki. Ta dubi fuskarsa, ta ga yaro ne mai kirki, ta kuma ga cewa duk abin da ya shiga kunnensa wata rana sai ya fita a takarda, Doguwa ta hau kan kwando ta karanta wa mutane. Ta haɗiye.

“Sha shayinka kada ya huce.”

Ya ce za a sake buga littafin, zai iya gyara wajen mutuwar, ya ƙara shafi guda ko biyu, ko ma ya canja sunan. Ta ce ya bar shi yadda yake, mutane sun riga sun san shi a haka. Da zai tafi ta raka shi har zaure, ta ce ya gaida iyali. Bai sake dawowa ba, ita ma ba ta neme shi ba.

Doguwa da ta ji gaskiyar magana ta zo tana kuka tana neman gafara, ta ce Inna ta riƙe littafin ita ba ta so. A ɗakin wanki aka daina karanta shi a fili. Amma asibiti babba ne. In ta tura keken zannuwa a baranda sai ta ji wani ɗan jinya yana ce wa abokinsa, “Ku bar shi, shi ba shi da fasinja,” su fashe da dariya, ta wuce ta gabansu ba su san ko wace ce ba. Wani lokaci takan rage tafiya don ta ji ƙarshen maganar.

Ta ci gaba da karantawa, ba ta faɗa wa kowa ba. Takan fara daga inda ya fara fitowa, ta bi shi babi-babi, in ta kusa wancan shafin sai ta rufe ta koma farko. Bangon ya yi laushi, gefen takardun ya yi duhu.

Bayan guguwar littafin ta lafa, mutane sun koma kan wani sabo, wata yamma ta dawo daga aiki ta tarar da Auta zaune a bakin gadonta da littafin a cinya, idanunta sun yi ja.

“Inna, akwai inda motar ta mutu a kan gada, wai ya fito ya dafa ta ya ce, ‘Hajiya, in rabuwa kike so ki bari mu isa gida, kada ki tona mini asiri a gaban mutane.’ Da gaske Baba ya faɗi haka?”

Inna ta buɗe baki za ta ce eh. Tana jin maganar a kunnenta da muryarsa, har da gyaran muryar. Sai ta tsaya. Ta nemi ranar da ya dawo ya ba ta wannan labari, ta nemi inda suke zaune, da rigar da ke jikinsa, ba ta samu ba. Abin da take gani kawai shi ne shafin, da layin a can ƙasa ta hannun dama. Ta gwada wata maganar tasa, ita ma shafi ta gani.

“Inna?”

Ta zauna a gefen ’yarta, jakar aikinta har yanzu a kafaɗa.

“Ban sani ba, Auta,” ta ce. “Wallahi ban sani ba.”