Guntun Ƙashin Baba

"Ina ƙashina da anka cire?"

Tambayar da Baba ya yi mani ke nan muna isowa gida a garinmu Kimba daga asibiti. Amosanin gaɓɓai ya cinye masa gefe ɗaya na gwiwa, likita ya kankare wannan gefen kaɗai ya sa ƙarfe, ya bar sauran.

Na ce, "Baba, ai ɗan guntu ne."

Ya ce, "Cibiyarka ma 'yar guntuwa ce, amma sai da na gina rami na rufe ta. Ba ni taka ƙafar ga sai an rufe nawa."

Likita kuwa ya ce in bai riƙa takawa ba, gwiwar sandarewa za ta yi.

Na koma asibiti neman guntun ƙashin, aka ce an daɗe da kwashe shi. Yayana mahauci ya ce bari ya kawo na rago a naɗe cikin ƙyalle. Ni dai kaina ya kulle.

Yau da safe Baba ya sa an gina ɗan rami bayan ɗakinsa. Ko na gilma, hannuna yake kallo.

Jama'a, in ku ne, me za ku sa cikin ramin nan?