Gungumen Dankure

Ba a taɓa yin mai bugun tufafi kamar Dankure ba a duk kwarin Rima. Shi ne ma ya fara lura da haka.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, ya ji an ce ma'aikata na ta kwararowa daga Sakkwato. Ya ɗora gungumensa da mabugi a mota, ya bar Argungu, ya kama rumfa a unguwar Nasarawa da ke babban birnin sabuwar jihar. A lissafinsa, kowane ma'aikaci babbar riga ce mai neman ƙyalli.

Ma'aikatan sun zo, amma sanye da safari na foliyesta, yadin da ba ya yamutsewa. A wanke shi da hantsi, kafin azahar ya bushe.

Wani akawu, Ikrima, ya tausaya masa ya kawo guda. Dankure ya yayyafa ruwa, ruwan ya gangare ƙasa. Ya wuni yana bugu, rigar tana nan yadda ta zo, ban da maɓallan da suka farfashe.

"Baba, wanga yadi hwa da man hetur aka yin shi, awa roba," in ji Ikrima. "Guga kawai nac ce."

Dankure ya aro dutsen guga, ya cika shi da garwashi. Aljihun ya narke ya manne a dutsen.

"To," in ji shi.

Ya koma Argungu noman shinkafa. Gungumen ƙirya ne, icce mai kyau. Matarsa Laure ta daɗe tana girki da shi.