Kwalbar da Ta Sa Hanjina Barci a Owendo

Gaisuwa ga Edita da masu karatu. Yanzu na manyanta, amma a lokacin da zan ba ku labarinsa ina da ƙarfina da bakina, ba na jin maganar kowa. Shekarun da kuɗin man fetur ya cika Gabon ke nan, jirage na ta sauke kaya a tashar Owendo. Maigidana yana da ɗan kanti a unguwar Nzeng-Ayong, ni kuwa kullum da safe sai in ɗora tukwanena a tasi in tafi ƙofar tashar jiragen ruwa in sayar wa leburori shinkafa da wake. Abincina ba ya kwantai, wannan kam ba cika baki ba ne. Damuwata ɗaya ce, babu ban ɗakin mata a wurin. Maza su zaga bayan gungumen katako su dawo suna hira, ni kuwa da in tashi a gabansu su san inda na nufa, gara ƙasa ta tsage in shige.

Wata rana gudawa ta kama ni, sai wata Hajiya 'yar Garwa mai sayar da zannuwa ta ba ni wani ruwan magani a 'yar kwalba, mai warin kafur, faregorik ake ce masa. Ta ce in ɗiga a kan sukari in tsotsa, da cikin ya tsaya in bari. Ya kuwa tsaya cak. Hajiya ta fita hakkina, ni ce na ƙara da nawa wayon. Na ce tunda yana tsayar da gudawa, ai zai raba ni da bayan katako. Na mai da shi abin karyawa. In tsotsa da safe, in yini da alwalata, jikina sakayau, har ina tsokanar sauran mata masu neman inda za su ɓuya.

Tun ina zagawa da yamma a gida, har ya zama sai in yi kwanaki ban je ba. Cikina ya kumbura ya yi tauri, matan unguwa suka fara yi mini barka a kaikaice, suna zaton juna biyu ne. Maigida ya ce basir ne, maƙwabta suka ce dattin ciki ne, aka haɗa ni da filasko da tsamiya da kanwa. Filasko ya murɗa ni, ni kuma in ƙara ɗigon kwalbar don ciwon ya lafa. Wallahi ko sau ɗaya ban kawo ita ce silar ba, shi ya sa ban gaya wa kowa ba. Sai ranar da nake tsakiyar zuba wa wani abinci, na yi amai kore a gaban mazan nan da nake jin kunyarsu, na faɗi.

A asibiti likita ya ɗora abin sauraronsa a cikina ya daɗe, ya ce bai ji motsin komai ba. Wata nas 'yar Kamaru ce ke yi mana tafinta. Da ya ga kwalbar a jakata sai ya girgiza kai. Ya ce a cikin bangon hanji akwai ƙananan jijiyoyi a shimfiɗe kamar raga, su ke gaya wa hanji ya matse nan ya saki can, kamar yadda leburori ke miƙa buhu daga hannu zuwa hannu. Abin da ke cikin maganin nan yana sa su barci. Kaya ya tsaya wuri ɗaya, jiki ya shanye ruwansa, ya bushe. Filasko kuma waɗannan jijiyoyin yake zabura, wato ina tashin su da hannu ɗaya ina kwantar da su da ɗayan. Ya ce in ba su farka ba, sai an yanka ni, wataƙila a cire wani ɓangare.

Aka zura mini roba ta hanci, aka ɗaura ruwa, aka hana ni kwalbar. Jikina ya nemi abinsa da gumi da karkarwa. Kowace safiya likita ya saurara, sannan ya sa a tambaye ni ko na yi hutu, wato ko iska ta fita, a gaban maigida da Hajiya da duk matan ɗakin. Na ji tsoro ƙwarai, na yi kuka. Ranar da ake shirin kai ni tiyata cikina ya yi wata ƙara, iskar ta fita kowa na ji. Maigida, mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ya ɗaga hannu yana hamdala, nas ta fita da gudu kiran likita. An fasa yankan.

Har yau hanjina bai koma daidai ba, ina lallaɓa shi da ganye da ruwa. 'Yan'uwana mata masu sana'a a waje, in babu ban ɗaki ku buɗe baki ku nema, in abin ya matsa ku tashi ku tafi, wanda zai kalla ya kalla. Maganin tsayar da ciki na mai gudawa ne, shi ma na ɗan lokaci. Kada ku sha shi don kunyar mutane, don in an kwantar da ke babu ɗayansu da zai ari cikinki.