Rubutun Abban Hafsa da na goge da hannuna

Shekara bakwai ke nan da aka kai maigidana, Abban Hafsa, makwancinsa a Batsari, amma har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida sai zuciyata ta riga ni miƙewa. Wakilin wata jarida ne, yana da fili duk mako inda yake ba da labarin ƙauyuka: gayyar noma a Wagini, matan Yasore lokacin sussukar wake, hirar makiyaya a bakin rijiya. Ni da na girma da littattafan soyayya ina mafarkin mijin da zai riƙa rubuto mini baitoci, sai Allah Ya haɗa ni da mai rubutu a kan takin gona. Amma in ya zauna yana karanta mini kafin ya aika, wallahi ji nake kamar da ni yake.

Ranar rabon gado, malam ya raba gona da babur da tumaki. Da aka zo kan akwatin da yake tara shafukan jaridar da rubutunsa ya fito, malam ya ce takarda ba ta cikin abin da ake rabawa, in ɗauka. Na ɗauka da yaƙinin nawa ne halak malak, tunda a gaban shaidu aka ba ni.

Bayan na fita takaba na buɗe bulog, wato shafi nawa na kaina, a intanet, na riƙa buga rubutun ɗaya bayan ɗaya da wayata. Da na gama sai na yi wa takardun abin da muke yi wa tufafin mamaci, na rabar. Duk wanda sunansa ya fito a ciki na aika masa tasa, don ya riƙa sa marigayi a addu'a. A tunanina abin da ya hau intanet ya zauna ke nan.

Sai ga saƙo daga jaridar. Suka ce haƙƙin mallakar rubutun nasu ne, shi da kansa ya sa hannu a kan haka, kuma in ban sauke ba maganar za ta je hannun lauya. Na buga musu waya. Wata mata ta ɗauka, ta yi mini ta'aziyya cikin ladabi.

Na ce, "Baiwar Allah, mijina ne fa. A kan tabarmata ya rubuta su."

Ta ce, "Na sani, Hajiya. Amma rubutun na kamfani ne."

Kalmar lauya ta firgita ni, ni da ko ƙofar kotu ban taɓa takawa ba. A ranar na goge shafin kakaf. Daga baya wata malamar makaranta, maƙwabciyata, ta ce ai da sai in ɓoye shi kawai in bar wa kaina, ko in sa ɗan tsakure in nuna wa mutane inda za su karanta sauran. Na leƙa shafin jaridar, ashe an sabunta shi, tsofaffin rubuce-rubucen babu su. Na roƙe su, suka ce za su duba. Har yanzu dubawa suke.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yawancin mutanen da ya rubuta labarinsu 'yan bindiga sun tashe su daga gidajensu. Bara na je Safana neman Baba Audu, wani dattijo daga Tsaskiya da na aika wa takarda. Na same shi a raɓe a gidan surukinsa, inda ya yi gudun hijira. Ya ce takardar ya soke ta a rufin ɗakinsa na Tsaskiya don kada gara ta ci.

"'Yata," ya ce, "ko Alƙur'anina ban samu na ɗauko ba."

Ba na cewa jaridar ta zalunce ni; dokarta ce, kuma na jahilce ta. Abin da ke cin raina shi ne, masu haƙƙin ba su adana ba, ni da na adana kuma ba ni da haƙƙi. Hafsa ta fara girma, takan ce in faɗa mata abin da Abbanta ya rubuta. Nakan fara da muryarsa, in kawo jimla biyu, sai in ji na koma tawa. Ba ta gane inda nasa ya ƙare. Ni ma na fara daina ganewa.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.